Ranar da Na Ciji Baban Likita

Jama'a, ku ajiye duwatsun tukuna. Na san wasunku sun ga abin da na rubuta a sama har sun fara salati. Eh, na cije shi. A falonsa, a gaban matarsa da ɗansa, ina lulluɓe da mayafin aro. Amma ku bari in ɗauko muku zancen daga tushe, sannan ku yanke min hukuncin da kuka ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: a gida Barkono ake kirana, kuma ba don ina son yaji ba. Ina aiki a shagon tabarau, ni ce mai tsayawa bayan kanta ina faɗa wa mutane cewa firam ɗin ya yi musu kyau alhali fuskar ce matsalar. Shekaruna sun kai inda duk wanda ya zo gaishe da Umma sai ya juyo ya ce min "Allah ya kawo nagari" da irin muryar da ake yi wa majinyaci sannu. Ba wai manema ba sa zuwa ba ne. Suna zuwa. Ɗaya ya ce min shi ba ya son mace mai yawan magana, na tambaye shi ko ya gwada neman auren kujera. Bai dawo ba. Umma ta ce bakina ne ke korarsu, ni kuma na ce taimakonsu nake yi, suna ganin kayan tun kafin su saya.

Shi kuwa Likita, mai nemana yanzu, Goggo ce ta samo shi. Goggo yayar Abbanmu ce, kuma tun da aka haife ni take neman inda za ta ajiye ni. Ta je wurinsa cire haƙori, rabin fuskarta a sandare da allura, bakinta cike da auduga, amma a haka baiwar Allah ta tallata ni har ta ba shi lambata. Dogo ne, shiru-shiru, kullum cikin farar riga mai guga kamar za ta yanke ka. Ranar da ya fara zuwa na kalli takalminsa na tambaye shi ko gado ya ci. Ya yi murmushi ya ce, "Gado ne. Ke kuma haƙorinki na sama ta hagu yana neman ciko, na gani lokacin da kike min dariya."

Wallahi tun daga ranar nake duba waya fiye da kima. Wannan tsakanina da ku ne, kada ya isa kunnen Umma.

Muna cikin haka sai ga saƙo wata safiya ina goge gilasan shago:

"Mama ta ce ku zo ke da Goggo ranar Asabar da la'asar. Baba yana son ganinki."

Na rubuta: "Me zan sa?"

"Duk abin da kika sa. Amma sai kin koyi wani abu kafin nan. Zan kawo gobe."

Washegari ya shigo falonmu rungume da ƙaton kwali a cikin jaka. Umma, wadda ta ce ita ba ruwanta da baƙona, ta wuce ta falon ɗauko abin da ba ta ajiye a can ba har sau uku. A ranta turare ne ko kayan sawa. Ya buɗe jaka, ya fito da kwali mai hoton wani ƙaton kada mai kai biyu yana tauna bene.

Umma ta tsaya cak da tiren shayi a hannu. "Wannan fa, ɗan nan?"

"Wasa ne, Umma. Na dodanni."

"Caca ce?"

"A'a wallahi, ba a sa ko sisi."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ajiye tiren ta fita tana jinjina kai. Daga kicin na ji tana faɗa wa Goggo a waya, "Yaya, kin tabbata wannan likitan ya gama karatun kuwa?"

Ya shimfiɗa allon a kan teburin tsakiya. Zanen gari ne, da tituna da gidaje, a tsakiya kuma wata doguwar hasumiya. Ya jera dodannin, kowanne na kwali a kan ɗan gindin roba: kada mai kai biyu, jemage mai ido ɗaya, kaza mai haƙora, da wani ƙaton kyankyaso mai murmushi.

"Zaɓi."

"Ba ni kadan."

"Kada na Baba ne."

"Jemage."

"Nawa ne. Kaza ta Mama ce."

"To wane zaɓi ka ba ni? Ka ce kawai ni ce kyankyaso."

"Yana da wuyar mutuwa," in ji shi, ko kunya babu.

Sai ya zuba min ƙwayoyi biyar a tafin hannu, irin na lido amma manya, maimakon ɗigo-ɗigo hotuna ne a jikinsu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da muryar da yake yi wa yara bayanin goge baki. Haƙori cizo ne, yana rage ran abokin gaba. Wata barci ne, yana mayar maka da ran da ka rasa. Tauraro shi ne maki. Ƙashi kuɗin wasan ne, da shi kake sayen kati mai ƙara maka ƙarfi, kamar sulke ko dafi. Ƙafa kuma ta gudu ce, ana iya ajiye ta sai ranar buƙata. Kana da jifa uku a zagayenka: ka jefa, ka ware waɗanda kake so, ka sake jefa sauran. Kowa yana farawa da rai goma. Wanda ya riga tara taurari ashirin, ko wanda ya rage shi kaɗai da rai, shi ya ci.

"Hasumiyar fa?"

"Nan ne rikicin yake. Dodo ɗaya ke hawa. In kana sama, duk zagaye tauraro biyu kyauta, kuma cizonka yana samun kowa. Amma duk wanda ke ƙasa, kai kaɗai yake cizo. Kuma ba a barci a sama, ko wata biyar ka jefa a banza."

"In na gaji in sauko mana."

"Sai kina da ƙafa a ajiye. Ba ƙafa, ba sauka."

Na ce masa na gane, abu ne mai sauƙi, yara ma za su iya. Na haye hasumiya a zagayen farko ina ta kwasar taurari ina masa waƙa. Kafin shayinmu ya huce kyankyasona yana kwance ƙafafu a sama. Muka sake. Ya sake kashe ni. Karo na uku na ƙi hawa sam, na zauna a ƙasa ina barci kamar mai hutun haihuwa, shi kuma ya yi zamansa a sama ya tara taurarinsa cikin natsuwa.

"Kin ga," ya ce yana tattara ƙwayoyin, "mai haɗama yana mutuwa a sama, matsoraci yana tsufa a ƙasa. Ki hau lokacin da ranki ya cika kuma kina da ƙafa. Ki sauka tun kina da sauran ƙarfi, ki bar wa wanda ya cije ki wurin, musamman in shi ma ya raunana. Kuma ki daina kallon naki kawai. Ki riƙa lissafa ran mutane."

"Kai da kake cire wa mutane haƙora, dama ina za ka san tausayi."

Ya bar min kwalin. Ya ce nasa ne na koyo, na gida daban yake.

Jama'a, ni fa ban iya shan kaye ba. Tun ina firamare in aka ci ni a tsere sai na yi zazzaɓi. Satin nan kaf ban san me ke faruwa a duniya ba. A shago, in babu mai saye, sai in shimfiɗa allon a ƙarƙashin kanta in yi wasa da kaina, hannun dama kyankyaso, hannun hagu jemage. Madam mai shagon ta kama ni ina yi wa hannun hagu tsaki, ta tambaye ni ko akwai abin da ke damuna a gida. Saƙonnin soyayyarmu kuwa ga irinsu:

"In ina da rai huɗu, haƙori biyu da wata biyu sun fito, me zan riƙe?"

"Wa ke sama?"

"Kai."

"Raina nawa?"

"Uku."

"Riƙe haƙoran, ki nemi na uku. Barci ba zai gudu ba."

Wasu ana turo musu "kin ci abinci, hasken idona?" Ni ana koya min kisa. Kuma abin haushin, ina jin daɗi. Zuwa Alhamis na gano da kaina cewa katin sulke ya fi na dafi in mutane huɗu ne a tebur, na kuma gano cewa ƙafa biyu a ajiye asara ce. Ya zo da yamma muka buga, na ci shi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya kalle ni da wani irin kallo da ya sa na hau gyara mayafin da babu abin da ya same shi.

Ranar Juma'a ya kira ni bayan na tashi daga aiki.

"Akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta cikin kwali."

"Ina ji."

"Baba ne ke ci."

"Ya iya sosai ke nan?"

"A'a. Ina nufin Baba ne ke ci. Kullum."

Na tsaya a bakin titi da wayar a kunne. Ya yi min bayani a hankali. Babansa tsohon malamin motsa jiki ne, kuma alƙalin wasan ƙwallo, mutumin da a da muryarsa ke cika fili ba lasifika. Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta yi nauyi, hannu ya ƙi. Likitan da ke motsa masa jiki ya ce a samo abin da zai sa ya riƙa damƙa yana saki, shi ne aka sayo wasan. Tun daga lokacin duk Asabar ake bugawa, kuma duk Asabar kada ke ci.

"To don me ka sa na kwana ina lissafin haƙora?"

"Don sai kin iya sosai kafin ki iya faɗuwa ba a gane ba."

"Wato sati guda kana horar da ni in zama gawa mai kyan gani."

"Barkono. Abu ɗaya nake roƙonki."

Ba ya kirana da sunan nan sai magana ta kai magana. Na ce to.

Ranar Asabar aka shirya ni kamar za a kai ni gasar ladabi. Doguwar riga ruwan toka mai dogon hannu, wadda Umma ta ce tana sa ni kama da mai hankali. Mayafin Goggo ruwan madara, don nawa duk "suna da surutu". Takalmi marar tsini, turare ɗis biyu. A bakin ƙofa Umma ta riƙe hannuna ta ce, "In an tambaye ki, ki amsa. In ba a tambaye ki ba, ki yi murmushi. In kin ji wata magana tana taso miki, ki sha ruwa." Goggo ta ce in ta yi tari sau ɗaya, in rufe baki. In ta yi sau biyu, in nemi gafara ko ban san laifina ba.

Gidan tsaf yake kamar ba a numfashi a cikinsa. Kujeru masu rigar leshi, labule mai nauyi, kabad ɗin gilashi cike da kofunan gasa da aka goge suna ƙyalli, a gefe kuma na'urar awon jini a kan ɗan tebur, kusa da magunguna a jere. Mama, mahaifiyar Likita, gajeriya ce mai fara'ar da ba ta kai ido. Ta amsa gaisuwata tana auna ni daga mayafi zuwa takalmi. Baba yana kan kujera kusa da taga, sanda a jingine da gwiwarsa, hannun dama a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona.

"Ke ce... Barkono."

Goggo ta yi tari.

"Ni ce, Baba."

Aka sha shayi da biskit, aka yi hirar zafi da tsadar kaya, sannan Likita ya ɗauko kwalin. Mu huɗu a tebur, Goggo a bayana da kofin ruwa kamar mai gadin fursuna.

Jama'a, na ga wasan kwaikwayo a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na gidan nan ba. Mama za ta jefa haƙora uku, sai ta ce, "Kai, ni barci nake ji," ta kwashe su ta sake jefawa. Likita, mutumin da ya kashe ni tun kafin shayi ya huce, ya sayi kati mafi rashin amfani a wasan yana cewa, "Wannan zai taimake ni nan gaba." Baba kuwa yana ɗaukar ƙwayoyin da hannun daman nan, ɗaya bayan ɗaya, yatsun suna rawa, ya sake su a kan allo. Duk abin da ya fito sai a ce, "Kai, Baba! Ka gama da mu!" Ya hau hasumiya ba ƙafa ko ɗaya a ajiye, ya yi zamansa kamar mai jiran mota. Fuskarsa ba daɗi ba ɓacin rai. Ko allon ba ya kallo sosai, taga yake kallo.

Ni ma na bi layi. Na ciji kaɗan don kada abin ya yi yawa, na yi barcin da ba na buƙata. Amma cizon kaɗan-kaɗan ɗin nan na mutum uku ya taru ba wanda ya lura, sai ga kada da rai uku, saura zagaye ɗaya ya cika taurarinsa. Ƙwayoyi suka zo hannuna. Abin da ake so kawai in jefa shirme in miƙa. Na jefa.

Haƙori huɗu.

Goggo, wadda ba ta san komai a wasan ba, ta ga yadda fuskar Mama ta canza, ta yi tari sau biyu a jere. Likita ya zuba min ido. Na yi 'yar dariyar da ban san ina da ita ba na ce, "Ni ƙashi nake nema," na kai hannu zan kwashe su.

Sandar Baba ta daki ƙafar tebur. Kofuna suka yi ƙara.

"Ajiye."

Na daskare.

"Shekara... talatin... ina busa usur." Kalmomin suna fitowa da ƙyar, kowacce sai ya turo ta. "Na san... ɗan wasan da ya faɗi... da gangan."

"Alhaji, yarinya ce, ba ta iya ba," in ji Mama.

Bai ko kalle ta ba. Ni yake kallo. "An ce min... bakinki ba ya rufa wa kowa asiri. Shi ya sa... na ce a kawo ki. Ke ma?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na kalli Likita, idonsa yana roƙona. Na kalli dattijon nan da aka shekara uku ana yi masa tafi kamar yaron da ya fara tafiya. Na nemi ruwan da Umma ta ce in sha, yana hannun Goggo.

Na janye hannuna daga ƙwayoyin.

"Haƙori huɗu, Baba. Ranka uku. Ka mutu."

Na sa yatsa na kwantar da kadan.

Baba ya kalli kadansa a kwance, ya daɗe. Sannan ya ɗaga shi da hannun dama, sai da ya gwada sau biyu, ya tsayar da shi.

"Sake. Ni da ke."

Wannan karon ya jawo kujera ya sunkuya a kan allon. Ya riƙa lissafi da leɓe, yana kallon raina, yana kallon katunana. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ya cije ni cizon da sai da na ce wayyo, ya yi wani sauti a maƙogwaro da nake zaton dariya ce. Amma mutumin da aka shekara uku ba a taɓa shi ba ya manta yadda ake gudu. Ya sake hawa ba ƙafa. Na jira ransa ya yi ƙasa, na gama da shi da rai biyu kacal a hannuna.

Ya daki tebur da tafin hannu har kyankyasona ya faɗo ƙasa. Numfashinsa ya yi sama.

"Ya isa!" Mama ta miƙe ta ɗauko na'urar awon jini. "Ya isa haka. Mun gode da ziyara."

Ko rakiya ba ta yi mana ba.

A mota Goggo tana baya tana ta salati ƙasa-ƙasa. Likita ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai jarrabawar tuƙi. Sai da muka wuce shataletale ya yi magana.

"Abu ɗaya na roƙe ki."

"Ya kama ni. Kana wurin."

"Da sai ki ce kuskure ne."

"In yi wa alƙalin wasa ƙarya ido da ido?"

"Kin san abin da ya faru ranar da na ci shi a farkon ciwon? Kwana biyu bai ci abinci ba. Ya ƙi motsa hannun, ya ce a bar shi ya mutu tun da ko wasan yara ba ya iyawa. Ni na riƙa ba shi ruwa da cokali. Ke ba kya nan."

Nan ya kamata in yi shiru. Ku ma kun san nan ya kamata. Goggo ta yi tarin da ya kusa fito mata da huhu.

"To sai kuka binne shi da ransa kuna masa tafi."

Ya sauke mu a ƙofar gida, ya gaishe da Goggo cikin ladabi, ya ja motarsa.

Ba sai na ba ku labarin abin da Umma ta yi ba. Goggo ta ba da rahoto tun daga bakin ƙofa, har da kwaikwayon muryata: "Ka mutu! Haka ta ce wa dattijo mai ciwo, ka mutu!" Umma ta zauna a hannun kujera ta ce ita ta haƙura, za ta gyara min ɗakin baya in tsufa a ciki. Na ce a sa min fanka mai kyau. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kuma abin da na yi a ciki ba na barkono ba ne.

Lahadi ba saƙo. Litinin ba saƙo. Na rubuta "Ya jikin Baba?" na goge, na sake rubutawa na tura. Aka karanta, ba a amsa ba. Na riƙa ganin dattijon a raina ya juya wa bango fuska, ana bin sa da cokali. In wani abu ya same shi, da wane baki zan ce gaskiya na faɗa?

Ranar Laraba da azahar ina jera sababbin firam a madubi sai na ga tasi ta tsaya a ƙofar shago. Direban ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Sanda ta fara fitowa, sannan ƙafa, sannan Baba gaba ɗayansa, cikin tsohuwar rigar wasanni mai zif wadda ta yi masa yawa, jaka rataye a wuyansa. Shi kaɗai. Ya ƙi hannun direban. Daga bakin titi zuwa ƙofarmu ba nisa, amma sai da na ji kamar in je in ɗauko shi. Ban je ba.

Madam ta tare shi da fara'ar kasuwa. "Sannu da zuwa, Baba. Gwajin ido?"

"Idona... lafiya lau." Ya nuna ni da sanda. "Wannan... nake nema."

Na kawo masa kujera. Ya zauna yana haki, ya zaro kwalin daga jaka ya ɗora a kan teburin da muke gwada wa mutane tabarau.

"Na gano... kuskurena. Ƙafa." Ya buga goshinsa da yatsa. "Kwana uku... ina tunani. Zauna."

"Baba, sun san ka fito?"

"Na ce... zauna."

Na kalli Madam. Ta kalli dattijon, ta kalli shagon da ba kowa, ta ce, "Ni dai ban ga komai ba," ta jawo kujera kusa don ta ga komai da kyau.

Mun yi nisa, yana da ƙafa a ajiye yana ta kallonta kamar sabuwar mota, sai saƙo ya shigo wayata. Likita.

"Baba ya fita ba wanda ya sani. Mun duba ko'ina. Mama tana kuka. Don Allah in kin ji wani abu."

Baba ya leƙo. "Kada... ki amsa. Jefa."

"A'a, Baba. Wannan kam ba zan rufa maka ba."

Na ɗauki hotonsa ya sunkuya a kan allo, na tura, na rubuta: "Yana nan. Lafiyarsa ƙalau, ni ce ke cikin haɗari."

Ba a daɗe ba motarsa ta tsaya a waje. Ya shigo da farar rigar asibiti, abin rufe hanci yana lilo a wuyansa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tarar Baba yana tsakiyar yi min masifa a kan katin sulke, wai ba a amfani da shi sau biyu a zagaye ɗaya, wai a ina na koyi wasa, wai da a fili ne da tuni ya ɗaga min jan kati. Maganar tana karkacewa, tana tuntuɓe, amma ba ta tsaya ba. Jimla bayan jimla.

Likita ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon babansa. Ya cire tabaransa ya hau gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Ni da nake sayar da tabarau na san gilashin nan ba shi da datti.

Baba ya sauko daga hasumiya a daidai lokacin da ya kamata, ya bar ni a sama da rai biyu, ya jefa haƙora uku. Da hannunsa ya kwantar da kyankyasona, a hankali, yana jin daɗin kowace daƙiƙa.

"Kin... mutu."

"Na mutu, Baba."

Madam ta yi tafi, ya harare ta, ta daina.

Likita ya matso ya tsaya kusa da ni. Bai kalle ni ba, allon yake kallo. Ƙasa-ƙasa ya ce, "Da gaske ya ci ki?"

"Ka taɓa ganin na bar wa wani?"

Sannan ya ce, "Gaskiyarsa ne a kan katin sulken."

"Kwana huɗu ba ka yi min magana ba, da wannan za ka fara?"

"Sauran ba a nan zan faɗa ba." Ya shafa ƙeya. "Kuma ba ni kaɗai na zo ba."

Na juya. A kujerar baya ta motar, gilashi a sauke rabi, Mama ce zaune. Idonta ya kumbura, jakarta a kan cinya ta riƙe da hannu biyu. Ba mijinta take kallo ba, ba ɗanta ba.

"Ta ce ki zo. Ke kaɗai."

Na kalli Baba ko zai cece ni, tun da dai saboda shi na shiga wannan. Yana ta jera dodanninsa hankali kwance, ya tura wa ɗansa jemage ba tare da ya ɗago ba.

"Je ki, 'yata," ya ce. "Ni shekara arba'in... ban taɓa cin ta ba."

Na gyara mayafina, na zagaya kanta, na tura ƙofar shagon. Kafin in ƙarasa, Mama ta miƙa hannu ta buɗe min ƙofar motar daga ciki, ta matsa gefe.